Dakalin Bibi a Zanzibar

Duk ran da uwargidana ta jefa kanumfari a shayi, ƙamshin sai ya ɗauke ni ya kai ni Unguja, babban tsibirin Zanzibar, inda na shekara ina koyon Swahili a ƙarshen shekarun 1990. Mutanen can suna ce masa karafuu, mu kanumfari, duk a bakin Larabawa muka aro.

A tsohon garin da suke kira Mji Mkongwe na sauka, a unguwar Malindi, gidan wata dattijuwa da kowa ke ce wa Bibi. Bene ne mai hawa uku, ginin dutsen murjani da farar ƙasa, ƙofarsa ta katako mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Iyali huɗu ne a ciki, ni kuma aka ba ni ɗan ɗaki can sama kusa da inda ake shanya. Da safe in rusuna in ce, "Shikamoo, Bibi," ta amsa, "Marahaba, mwanangu," wato ɗana. Ban rufe sati biyu ba ta fara aikena kasuwar Darajani sayen kifi, in na bari an tsawwala mini kuɗi kuma in sha faɗa kamar ita ta haife ni.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne dakalin ƙofar gida, wanda suke kira baraza. Lungunan garin matsattsu ne, mota ba ta shiga, sai keke da Vespa, kuma da wuya ka ga gidan da ba shi da dakali. Bayan la'asar mai gahawa zai ɓullo da butarsa ta tagulla, garwashi na ci a ƙarƙashinta, yana kaɗa ƙananan kofuna a hannu don a san ya iso. Dattawa su jeru da farin kanzu, wato doguwar riga, da hula, a sha gahawa baƙa wuluk da ɗan gutsuren alewa. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda ke kwance ba lafiya, da wanda jirginsa ya dawo daga tsibirin Pemba. In ruwan sama ya cika lungu, ta kan dakalan nan ake takawa a wuce, daga ƙofar wannan zuwa ta wancan. Da azumi kuwa, kafin magariba yara sun cika lungu da kwanuka, na gidanmu ya fita, na maƙwabta ya shigo. Wallahi sai na ga kamar a cikin ganuwar Zazzau nake.

A 2000 UNESCO ta sa Mji Mkongwe cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi suka ƙaru. A 2008 aka kafa Airbnb, kamfanin ba da hayar ɗakuna ta intanet, a Amurka, kuma a hankali mai gida a Unguja ya gane cewa in ya ɗora hoton ɗakinsa a intanet, baƙon kwana uku zai iya ba shi abin da ɗan gari ke biya a wata, kuma da dala. A 2023 masu yawon buɗe ido da suka shiga Zanzibar sun haura dubu 600.

Da Allah ya sake kai ni, na nufi Malindi zuciyata na rawa. Ƙofar tana nan, an goge ta har tana ƙyalli. A gefenta an kafa wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, a ciki ake ajiye wa baƙo mabuɗi, ya danna ya ɗauka ba tare da ya ga fuskar kowa ba. Saurayin da ke shara ya ce Bibi ta rasu, Allah ya ji ƙanta, magada sun ba wani ɗan kasuwa gidan, iyalan nan huɗu kuma sun watse, wasu Bububu, wasu Fuoni, can bayan gari. A kan dakalin an jera tukwanen furanni, babu wurin zama.

Gaskiya kuɗin baƙi ya yi rana. Bayan juyin juya halin 1964 gidaje da yawa sun koma hannun gwamnati, ba mai gyara, kuma da idona na ga bene ya rufta. Yanzu an sake rufin, an yi fenti, matasa sun samu abin yi. Amma malamin makaranta da tela da masunci ba za su iya goga kafaɗa da dala ba. Mutumin da kakansa ya yi wasa a lungun nan yau sai ya shiga daladala, motar haya, da asuba ya zo ya gyara wa baƙo gado, da dare ya koma bayan gari. Wannan ya tsaya mini a rai, har yau bai sauka ba.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Zanzibar, ka nemi gidan da masu shi ke kwana a ciki, ka yi sallama, ka biya su hannu da hannu.