Tikitin Jirgi da Takardar Sammaci

Na yi aikin magatakarda a kotun alƙali tun ina saurayi har furfura ta game mini kai, ina rubuta da'awar mai da'awa da inkarin mai inkari, kuma abin da tsawon zaman nan ya tabbatar mini shi ne, shari'a ta fi kayar da mutum biyu a kan kowa: wanda ya saki bakinsa a inda kamewa ta fi masa alheri, da wanda ya yi shiru a inda magana ta wajaba a kansa. Mai babban laifi sau da yawa yakan zo kotu da shiri, domin ya san abin da ya taka. Amma bawan Allah wanda aka tuhuma da ƙaramin abu, shi ne yakan raina al'amarin ko ya firgita da shi, kuma raini da firgici duk gida ɗaya suke kai mutum. Ban taɓa zaton mas'alar kuɗin jirgin ƙasa, a wata ƙasa da ban taɓa taka ta ba, ita ce za ta sake karanta mini wannan darasi bayan na ajiye aiki ba.

Mu dai a jirgi muka tashi. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, tasha ta zama kasuwa ta zama kuma makaranta, kuma a zamaninmu kowa ya san yadda ake yi da wanda aka kama a tarago ba tikiti: ko dai ya biya kuɗin har da ƙari, ko a sauke shi a tasha ta gaba a damƙa shi ga 'yan sandan reluwe, washegari ya tsaya gaban majistare. Akwai wulaƙanci a ciki, ba na musu, amma mutum yana ganin fuskar mai tuhumarsa, mai hukunci kuma yana ganin tasa, ana tambayarsa yana ba da amsa da bakinsa.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka ina neman uzuri ne ga masu zille wa biyan kuɗi. A wurin malaman fiƙihu, hawa abin hawa ijara ce, mai jirgi ya ɗauki nauyin kai ka, kai kuma ka ɗauki nauyin ujura. Wanda ya ci moriyar tafiya da gangan ya hana haƙƙin, ya ci dukiyar da ba ta halatta gare shi ba, ko jirgin na attajiri ne ko na hukuma. Maganar nan da matasa ke yi cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, ban taɓa jin malami mai tsoron Allah ya yarda da ita ba. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin mai ganganci da mai sahawu, kuma a kan wannan tazara ne labarin jikana ya faɗo.

Yaron yana karatu a wani birni na arewacin Ingila, yana kuma da katin rangwame irin wanda ake sayar wa matasa 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ke rage musu sulusin kuɗin tikiti. Katin yana da sharaɗi wanda ba kowa ke lura da shi ba: a ranakun aiki, kafin ƙarfe 10 na safe, galibin tikitin da kuɗinsa bai kai fam 12 ba rangwamen ba ya aiki a kansa. Shi kuwa ya sayi tikitinsa a waya, ya hau jirgin safe, zuciyarsa fari tas, har mai duba tikiti ya tsaya a kansa ya ce masa wannan tikiti bai halatta a wannan lokaci ba. Abin da ya gaza bai fi fam 2 ba. Ya ce zai cika nan take, aka ce a'a. Aka karɓi sunansa da adireshinsa, aka gargaɗe shi cewa duk abin da ya faɗa ana iya kai shi gaban kotu, sa'an nan aka shiga yi masa tambayoyi. A nan tarbiyyar gida ta yi masa illa, domin mun koya wa 'ya'yanmu cewa idan babba ya yi maka faɗa ka sunkuyar da kai ka ce ka yi kuskure, a yi haƙuri. Shi kuwa ma'aikacin yana rubuta kowace kalma, kuma abin da yaro ya faɗa don ladabi, a takarda iƙirari ya zama.

Bayan wani lokaci wasiƙar kamfanin ta zo, ana neman ya bayyana uzurinsa. Ya karanta, ya ninke, ya sa a ƙarƙashin littattafai. Kunya ta hana shi gaya wa mahaifinsa, wanda ya sayar da fili don kuɗin makarantar, tsoro kuma ya hana shi tambayar kowa, don yana ganin da zarar ya buɗe baki za a soke masa biza. Sai da takardar kotu ta iso, sa'an nan ya bugo mini waya cikin dare, da yake tsakanin jika da kaka babu wannan shamaki. Ya ce, "Alhaji, na shiga uku, kuma don Allah kada Baba ya ji." Na ce, "Abokina, wanda ya shiga uku ba ya samun damar buga waya. Karanta mini takardar tun daga sama, kada ka tsallake ko da lamba."

Abin da na fahimta daga karatunsa, da kuma bayanin da ya samo daga ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arsu, ya ba ni mamaki ƙwarai. A Ingila laifin tikiti iri biyu ne. Akwai na tsohuwar dokar jiragen ƙasa ta 1889, wanda a cikinsa sai mai ƙara ya tabbatar da cewa mutum ya yi tafiyar da niyyar guje wa biya, hukuncinsa kuma yana iya kaiwa tarar fam 1,000 ko ɗaurin wata 3. Akwai kuma na ƙa'idojin jirgi, wanda ba ruwansa da niyya sam: an same ka a jirgi ba ingantaccen tikiti, laifi ya tabbata, ko kai waliyyi ne. Mu da muka taso a kan cewa ayyuka da niyya ake auna su, wannan yana mana nauyi a zuciya; amma da na natsu sai na tuna cewa fiƙihu ma ya san irin wannan babi, domin wanda ya ɓata dukiyar wani bisa kuskure, zunubi ya saraya daga kansa, lamuni bai saraya ba. Bambancin shi ne, a wurinmu abin da ya ɓata kawai zai biya, can kuwa fam 2 takan haifi tara da kuɗin kotu da ladan mai ƙara, har ta kai ɗaruruwa. Ko tarar da ma'aikaci ke iya yankawa a cikin jirgi, ba tare da zuwa kotu ba, tun Janairun 2023 fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar, sai dai a rage ta zuwa 50 idan an biya cikin kwana 21.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake yanke hukuncin. Wata doka ta 2015 ta kafa tsarin da majistare guda, tare da mai ba shi shawara a kan doka, zai duba ƙananan ƙararraki a kan takarda, ba zaman kotu, ba mai ƙara a tsaye, ba wanda ake ƙara. Ana aika wa mutum sanarwa, a ba shi kwana 21 ya amsa, ya yarda ko ya musa. In bai amsa ba, a yi hukunci da abin da mai ƙara ya rubuta. Na tuna alƙalan da na yi wa hidima, waɗanda Tuhfa ta Ibn Asim ba ta barin gefen buzunsu, yadda ba sa kuskura su yanke hukunci sai sun yi i'izari, wato a gaban shaidu su tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Kuma na ga shari'o'in da kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ɗungurungum, alhali hujjar mai da'awa a fili take, don kawai an tsallake wannan tambaya. A tsarin na Ingila takardar nan ita ce i'izarin, babu wani bayanta. Hausawa sun ce shiru ma amsa ce, kuma a wannan wuri amsa ce wadda mai ƙara kaɗai take yi wa amfani.

Na ce wa yaron abu na farko ya duba kwanan watan takardar ya ƙirga abin da ya rage masa, domin duk hikimar duniya ba ta da amfani bayan wa'adi ya wuce. Na biyu, ya tattara bayyinarsa: tikitin da ke cikin wayar, da katin rangwamen, da shaidar tafiye-tafiyensa na baya da ya biya cikakke. Na uku, kada ya yi ƙarya ko da ta kalma ɗaya, kada kuma ya amsa abin da bai aikata ba. Ya ce ya hau da tikitin da bai dace da lokacin ba, wannan gaskiya ce, ya kuma ce bai yi nufin cin haƙƙin kowa ba, wannan ma gaskiya ce. Na sha ganin masu gaskiya sun ƙara wa labarinsu gishiri don ya yi armashi, gishirin ya zama shi ne abin da lauyan abokin shari'a ya kama su da shi. Da taimakon masu ba da shawarar ya rubuta wa sashen ƙararraki na kamfanin, cikin ladabi ba tare da ƙasƙanci ba, ya nemi sulhu. Suka karɓa, ya biya cikon kuɗin da abin da suka ce sun kashe, aka janye ƙarar. Kuɗin sun yi masa ciwo, ya ci taliya ba miya har ƙarshen zango, amma sunansa bai shiga littafin waɗanda kotu ta kama da laifi ba, wannan kuwa abu ne da ake tambayar baƙo a takardar sabunta biza. Sulhun nan alfarma ce ta kamfani, ba wajibi ba ne a kansa, shi ya sa wanda ya amsa wasiƙar farko ya fi wanda ya jira ta biyu samun sauƙi.

Su ma masu ƙarar ba ma'asumai ba ne. A watan Agustan 2024, babban majistare na Ingila, Paul Goldspring, a kotun Westminster da ke Landan, ya yanke cewa kamfanonin jirgi da dama sun riƙa shigar da wani sashe na dokar 1889 ta wannan hanya ta takarda alhali doka ba ta ba su izinin haka ba. Ya bayyana shari'o'i 6 da aka ɗauka a matsayin misali ɓatattu, hukuncin kuma ya shafi fiye da 74,000, aka ce a mayar wa mutane tarar da suka biya. A cikin dubban nan babu shakka akwai waɗanda suka zille wa biya da gangan, amma hukuncin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba rusasshe ne ko a kan mai laifi, kuma na yaba wa alƙalin da ya faɗi haka a fili. Abin tambaya shi ne yadda irin wannan adadi ya wuce ta hannun kotuna shekara da shekaru ba a farga ba, amsar kuwa a ganina ba ta da wuya: inda babu wanda ya tsaya ya ce ban yarda ba, babu abin da zai sa alƙali ya ɗaga kai daga takarda.

Akwai kuma waɗanda takardar ba ta ma riske su ba, musamman ɗalibai masu sauya masauki kowace shekara, sai su wayi gari masu karɓar bashin kotu na nemansu a kan shari'ar da ba su taɓa jin labarinta ba. Dokar ƙasar ta bar musu ƙofa: mutum yana iya yin rantsuwa a rubuce cewa bai san da shari'ar ba, cikin kwana 21 daga ranar da ya sani, a warware hukuncin a koma farko.

Ku iyaye da kuke da 'ya'ya a can, ina roƙonku da ku faɗa musu tun kafin wani abu ya faru cewa duk takardar da ta zo daga kotu ko daga kamfanin jirgi, a buɗe ta ranar da ta zo, a amsa ta kafin wa'adi, kuma in sun sanar da ku, ku ajiye faɗa sai bayan an gama shari'a.