Tsarabar Shenzhen

Da muka sauka Shenzhen, birnin ƙasar Sin da ke daf da Hong Kong, sai muka nufi kasuwar Huaqiangbei. Bene bisa bene, duk kayan lantarki ne. A birnin nan ne kamfanin GPD ya fito da kwamfutar wasa mai shiga aljihu a 2016.

Mai shago ya miƙo mana ɗaya mu gwada. Kafin mu ɗaga kai sa'a guda ta wuce, abincin rana ma mun manta da shi.

Muka dubi juna. Abin da ya shagaltar da manya haka, yaya zai yi da ɗan makaranta? Mun dai sayo wa yara, amma tana akwatin uwarsu sai ran Asabar.