Kwana Goma Kafin Mu Taɓa Goge

Mu uku ne muka tashi daga Bolari a ƙarshen watan Yuli na 2022, biyu masu son goge, ɗaya mai kalangu. Wani malamin kiɗa a Yamai, babban birnin Nijar, ya amince zai koyar da mu a lokacin dogon hutu, amma ya ce mu iso da kwana goma kafin a fara, mu nemi masauki, mu san gari. Dariya muka yi. Me za a sani? Ai maƙwabta ne, ba Turai za mu ba.

A gida ba a so tafiyar ba. Kowa ya san unguwar nan, yaro ya ce kiɗa zai koya, sai a ce roƙo zai shiga. Da ƙyar kawun ɗayanmu ya tsaya mana, ya cika kuɗin mota, ya ce, "Ku je, amma kada in ji kun buga waya kuna neman na dawowa." Wannan magana ita muka ɗauka a kai tun daga Gombe zuwa Kano, Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har muka sauka Yamai cikin dare ana ruwa.

Ɗakin da aka yi mana alkawari ta waya, muka tarar an ba wani. Direban tasin da muka tara Zabarmanci da Faransanci yake ji, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. A tasha muka kwana, gogunanmu a naɗe cikin leda.

Da safe aka ba mu darasi na biyu. Mai shayi ya ce hamsin, muka miƙa masa ƙwandala mai lamba 50. Ya dube mu, ya ce, "'Yan Najeriya ne ko?" Ashe a can da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Hamsin ɗinsa 250 ke nan, ɗari 500, jika 1,000. Nan jikinmu ya yi sanyi, don farashin abinci da aka faɗa mana ta waya duk da dala ne, mu kuma da lambar da ke jikin kuɗi muka yi lissafi. Guzurin abincin wata biyu ya koma na kwana goma sha biyu. Ɗayanmu ya ce mu juya. Sai muka tuna kawu.

A kwana na uku muka yi asuba a wani masallaci a Bukoki, unguwar da Hausawa suke da yawa. Ana sallamewa wani dattijo ya gaishe mu, muka ce "lafiya lau", su kuwa "lahiya" suke cewa. Ya juyo sosai.

"Samari, ku 'yan ina ne?"

"Baba, daga Gombe muke."

"Wa ya sauke ku?"

Muka yi shiru. Ya leƙa ledarmu, ya ga ƙoƙon goge. Mun ɗauka nan maganar za ta mutu, sai ya ce, "Ku kwaso kayanku." Mahauci ne, daga ƙasar Sakkwato ya zo tun yana saurayi. Ya buɗe mana zaurensa da sharaɗi uku: ba kiɗa bayan isha'i, ba fashin asuba, shara kuma tamu ce.

Sauran kwana bakwai ɗin nan su ne makarantarmu ta farko. Inna, uwargidansa, ta saba mana da dambu da zogale, ta koya mana cewa "fofo" in mun shiga shagon Bazabarme, ta ce gaisuwa da harshen mutum rabin ragi ce. Ɗansu ya zaga da mu kasuwar Katako da ta Wadata, ya nuna mana yadda ake shiga tasi a haɗa da wasu maimakon shata, ya kai mu gadar Kennedy muka ga kogin Kwara, wanda su ke kira Isa. Shi ya kai mu cibiyar koyon kiɗa mai sunan Elhaji Taya, inda aka adana kayan kiɗan gargajiya. A can muka fara ganin biram, mai tsirkiya biyar, na Buduma masunta Tafkin Chadi, wanda marigayi Malam Maman Barka ya raya kafin rasuwarsa a 2018. Tafkin ya fi kusa da Gombe a kan Yamai, amma sai da muka je Yamai muka san da shi.

Ranar da za mu dawo muka haɗa jika goma muka kai wa Baba. Ya ture hannunmu. "Ni ma da na zo wani ne ya sauke ni, ban biya shi ba. In kun koma gida, ku biya a can."

To, mun dawo, ga bashin yana kanmu. Yawancinmu a Bolari jikokin baƙi ne. Kakanninmu sun zo daga Kano, Katsina da Zazzau, wasu auduga da gyaɗa suka kawo su, wasu jirgin ƙasa da ya iso a shekarun 1960. Kowannensu akwai wanda ya buɗe masa zaure. Yau zaurukan sun koma shaguna. Mutum ya zo daga Borno ko Yobe da iyalinsa, ko ɗalibi ya zo karatu, kafin mu tambayi sunansa mun tambaye shi kuɗin shekara da na dillali. Mu kanmu sau nawa muka ga baƙuwar fuska a sahu, muka sallame muka saka takalmi?

Mun roƙi kawu, an kwashe buhunan da ke zaurensa, mun share, mun shimfiɗa tabarma biyu. Yanzu haka wani yaro daga Gashuwa da ya zo koyon ɗinki shi ke kwana a ciki. Sharaɗi uku muka ba shi, mun dai canza na farko: ba keke bayan isha'i.