Mita tamanin a hanyar Sheme

Duk wanda ya bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara a 'yan shekarun nan ya san abin da ke sa direbobi taka mota kamar an biyo su. Tsoron ɓarayin daji ne. Fasinja ba ya cewa a rage, sai dai ya yi ta salati. Ni ma shiru nake yi, amma idona na kan allurar da ke gaban direba, ina wani lissafi da aka koya mana a ajin fiziks.

Mun haddace shi ne don WAEC: v² = u² + 2as. Ga shi da Hausa: idan gudu yana raguwa daidai wa daida kowace daƙiƙa, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya shi ne gudun sau kansa, a raba da ninki biyu na raguwar. Tushensa na komawa ga Galileo, wanda ya buga bayanin irin wannan motsi a 1638. Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma layi uku ya isa kwamfuta ta warware shi. Bayan takardar kati ma ya isa.

A ce taya lafiyayya ce, kwalta busasshiya, birki na zaftare mita 7 a daƙiƙa daga gudun kowace daƙiƙa. A gudun kilomita 60 cikin awa, mota za ta tsaya bayan kamar mita 20. A 120 kuwa, mita 80 ne, ba 40 ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a daidai wurin da ta farko ta tsaya cak, ta biyu na sama da 100. Ban ma sa daƙiƙar da direba zai ɓata tsakanin ganin saniya da taka birki ba, wato wasu mita 33. Idan tayoyi sun suɗe, ko an yi ruwa, raguwar ta sauka zuwa 4, nisan ya kusa 140.

Na taɓa yi wa wani dattijon direba wannan bayani muna jiran mota ta cika. Ya saurara har na gama.

"Yaro, lissafinka daidai ne," in ji shi. "To yanzu lissafa mini mita nawa nake bukata idan suka fito kan babura."

Na ce, "Baba, wannan ba ya cikin littafin."

Ya tashi ya buga tayar gaba da ƙafa, ya ce mu shiga.