Bencin da babu kowa a kai

A Guna, cikin ƙasar Mirriya ta jihar Damagaram, akwai wani dattijo mai sayar da hatsi wanda ya fi shekara talatin yana biyan kuɗin kasuwa. Duk ranar kasuwa mai tikiti zai tsaya gaban buhunansa, ya yago ƴar takarda, ya karɓi nasa. Dattijon bai taɓa ƙin biya ba, bai kuma taɓa tambayar inda kuɗin suke kwana ba. A ganinsa haraji ruwa ne da aka zuba cikin rairayi.

Haka ya taras da iyayensa. Tun zamanin Sarki Tanimu talaka yana shiga fadar Damagaram, amma don ya faɗi gaisuwa ko ya kai ƙara, ba don ya nemi lissafin baitulmali ba. Nasara ya zo, shi ma bai yi wa kowa lissafi ba. Bayan taron ƙasa na 1991 aka yi ta batun maida mulki hannun jama'a, sai dai zaɓen ƙananan hukumomi na 1999 ya ƙare cikin rigima. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265 na Nijar, har da Guna.

Wata rana dattijon yana ƙorafin rumfunan kasuwa, sai ɗan ƙanwarsa, malamin makaranta, ya ce masa: “Kawu, a nan inuwa babu mai jin ka. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ce majalisa ta zauna duk wata uku, kuma zamanta a buɗe yake ga kowa, sai fa in an tsai da shawarar yin sa cikin sirri.”

Dattijon ya yi dariya, ya ce: “Yaro, wa ya aiki talaka wurin manya?”

Duk da haka ya je, sau ɗaya. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga fada, ya zauna a bencin baya, shi kaɗai. Babu wanda ya kore shi. Ya ga magajin gari yana jagorancin zama. Ya ga sarakunan gargajiya suna ba da shawara, amma doka ba ta ba su ƙuri'a ba. Shi kuwa mai sauraro nasa kunne ne kawai. Aka karanta kasafin kuɗi, sai ga kuɗin tikitin nan nasa a rubuce, kusa da harajin shekara, a ɗaya gefen kuma albashin ma'aikata, gyaran rijiyoyi da azuzuwa. A ranar ya gane rumfarsa tana takara ne da rijiyar wani ƙauye, kuma hannuwan da ake ɗagawa su ke raba gardamar.

Wani abu kuma bai wuce masa ba. Kansilan da ya zaɓa, da ya waiwaya suka haɗa ido, sai ya gyara zama, ya nemi izinin magana. Masu iya magana sun ce idon mai gona ya fi taki. Dattijon ya ƙudura zai riƙa zuwa, har ya jawo abokan sana'a. Amma damina ta zo, kaka ta biyo, kasuwar Damagaram ta yi kira. Zama bayan zama ya wuce, bencin yana nan babu kowa.

Ranar 4 ga Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Da labarin ya zo ta rediyo, dattijon ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya ce wa ɗan ƙanwarsa: “Kusan shekara ashirin ƙofar tana buɗe, sau ɗaya na shiga. Da wane baki zan yi kukan rufe ta?”

Ba shi kaɗai ya yi wannan sakaci ba. Ɗan kasuwa ya bar wa ma'aikaci don shi ya iya Faransanci, ma'aikaci ya ce wannan aikin ƴan siyasa ne. Dokar tana kan takarda, aka rasa mai taka ƙafa ya je.

Har yanzu dattijon yana biyan tikiti. Sai dai ya daina yar da takardun, yana tara su cikin wani tsohon gwangwanin madara. Ya ce ranar da majalisa ta sake zama, in Allah ya kai rai, da gwangwanin zai je, kuma ba shi kaɗai ba.