Aminci ga Ma'auni

A jikin kowane kwalin ƙaramin jirgin haɗawa akwai wata lamba da ake bugawa daidai inda ido zai fara sauka: 1:72, ko 1:48, ko 1:350. Wanda bai saba ba zai ɗauka lambar kaya ce kawai, amma ga mai wannan aikin hannu, alkawari ce. Ma'anar 1:72 ita ce, kowane inci ɗaya a jikin ɗan jirgin da ke kan tebur yana tsaye a madadin inci 72, wato ƙafa 6, a jikin jirgin gaske. Idan an rage fiffike sau 72, dole a rage farfela sau 72, haka taya, haka ƙofa, har da kujerar matuƙi. Ba sashen da ake yi wa alfarma. Ran da mai haɗawa ya ƙara wa taya girma domin ta fi kyau a idonsa, ran nan abin da ke hannunsa ya tashi daga samfurin jirgi ya koma abin wasan yara.

Shekara kusan 30 ke nan ina haɗa irin waɗannan jiragen sama da na ruwa ina yi musu fenti. Wani dattijon malaminmu a makarantar tauhidi ne ya bar mini kwalaye biyu da 'yan gwangwanayen fenti sa'ad da zai koma ƙasarsu. Sai dai hannuna ya riga ya san hanya tun kafin wannan kyauta. Duk wanda ya tashi a karkara a zamaninmu ya san motar kara. Bayan girbi mukan tsinci sillen karan dawa, mu feƙe ɓawonsa da reza, mu soka wannan cikin wancan har mota ta tsaya da ƙafafunta, wani lokaci ma jirgin sama mai fiffike huɗu in mun ga dama. A motar kara yaro shi ne sarki, abin da ransa ya so shi ne daidai. A samfurin jirgi kuwa akwai wani abu a waje da kai, wanda ya riga ka kasancewa, ya kuma fi ka girma, aikinka shi ne ka bi shi sau da ƙafa. Wannan bambanci ne ya riƙe ni har yau.

Ga wanda bai taɓa buɗe kwalin ba, ga abin da zai tarar. Sassan jirgin na roba ne mai tauri, a manne da wani firam kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane da lambarsa. Kamfanin Airfix na Ingila ne ya yaɗa irin waɗannan kwalaye a shekarun 1950, ya sayar da su da araha har yaran talakawa suka iya saye, daga baya Revell da Tamiya ta Japan da wasu suka cika kasuwa. Za ka yanke sashe da wuƙa mai kaifi, ka goge bakinsa da samfefa, ka gwada shi da ɗan'uwansa a bushe kafin ka kawo gam kusa. Gam ɗin ma ba irin na takarda ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, sassan biyu su shiga juna su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo ɗaya ya isa, ɗigo biyu kuwa ɓarna ne. Inda haɗin ya bar tsaga, a cike, a bari ya bushe, a goge, a duba a hasken taga, a sake gogewa. Sa'an nan fenti: shafi uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, gama fenti mai kauri yana binne ƙananan layukan da ke nuna inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A ƙarshe a jiƙa tambura da lambobi a ruwa, su sulluɓe daga takardarsu, a ɗora su da matsefata.

A ƙasarmu akwai abokin gaba da takardar bayani ba ta ambata ba, wato ƙurar hunturu. Fenti yakan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi, abin da ya kai kuma ƙura ta sauka a kansa ta zauna. Saboda haka nakan yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in rufe taga, in kife kwali a kan aikin da zarar na ɗaga hannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Jirgin da na fi maimaita haɗawa shi ne Hurricane na Ingila, domin ya taɓa ratsa samaniyarmu. A 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa lodin jiragen yaƙi cikin manyan akwatunan katako ana sauke su a Takoradi, a ƙasar Gana ta yau. A can makanikai suke haɗa su sashe sashe, sa'an nan matuƙa su tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su bi ta Sudan har Masar. Sau da yawa jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke gaba yana nuna hanya, ƙananan suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Fiye da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Duk sa'ad da na buɗe kwali na ga fiffike a gefe, gangar jiki a gefe, nakan tuna da makanikan nan cikin zafin bakin teku. Aikinmu ɗaya ne, sai dai nasu akwai ran mutum a ciki, kuma ƙusa ɗaya da ba a ɗaure ba tana iya sauke matuƙi a tsakiyar hamada.

Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, a ma'aunin 1:72 kuwa santimita 17, bai kai tsawon tafin hannuna ba. Duk da haka ƙanƙantarsa ba ta ba ni izinin yin yadda na ga dama ba. Waɗanda aka tura ƙasashe masu ƙura suna da wata matatar iska a ƙarƙashin hanci, mai kama da haɓa, domin kada yashi ya cinye injin. In ka bar ta, ka haɗa jirgin wata ƙasa dabam. Akwai kuma abin da masu wannan aiki suke so ƙwarai, wato su nuna tsufan jirgi: baƙin hayaƙi a bayan bututun inji, da 'yan ɗige-ɗigen azurfa inda takalman matuƙi suka kankare fenti har ƙarfe ya bayyana. Yana da kyau a ido, hannu kuma yakan so ya yi ta zubawa ko'ina. Amma bayan gangar jikin Hurricane ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja a kan firam aka shafe shi. Yadi ba ya nuna azurfa in ya goge. Wanda ya sa ɗigon azurfa a wurin ya yi ƙarya, ko da mutum ɗaya cikin dubu ne kaɗai zai gane.

Nan ne zancen ya kai ga mazaunin matuƙi. Kafin a haɗa ɓangarori biyu na gangar jiki dole a gama cikin: a shafa wa bango kore mai toka-toka, a yi wa allon agogai baƙi, a ɗiga fari a fuskar kowane agogo da bakin allura, a yanka siririyar takarda a yi ɗamarar kujera. Aikin yamma biyu ne ko uku. Da zarar an rufe an ɗora gilashi, kusan duka ya ɓace wa ido.

Wasu samari na ikilisiyarmu sukan zo wurina ran Asabar da yamma su koyi aikin. Wata rana ɗaya daga cikinsu, mai koyon kanikanci a gareji, ya daɗe yana kallona ina fama da ɗamarar kujera, sai ya ce, “Baba, me ya sa kuke wahalar da idonku? Ai in kun rufe ba wanda zai gani.”

Na ce, “Ɗana, a jirgin gaske akwai ɗamarar ko babu?”

Ya ce, “Akwai, Baba.”

Na ce, “To, lambar da ke jikin kwalin ba ta ce a rage abin da ake gani kaɗai ba.”

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a garejinsu akwai ƙusoshin ƙarƙashin mota da yara sukan ɗaure da hannu kawai in maigida ba ya kusa, tun da mai mota ba zai kwanta a ƙasa ya duba ba. Ban ce masa kome ba, na miƙa masa matsefata. Tambayar da ya yi ita ce tambayar birkila a kan simintin da ke cikin harsashin gini, da ta ma'ajin ikilisiya a kan shafin da ba mai bincikawa, da ta mai wa'azi a kan karatun da ya kamata ya yi daren Alhamis alhali jama'a ba za su san ya yi ko bai yi ba. Yawancin gidajen da suka rushe a kan masu su, daga wurin da ba a gani suka fara rushewa.

Jirgin ruwa yana koyar da wannan ta wata fuska. Na ɗauki fiye da shekara ina haɗa Cutty Sark a ma'aunin 1:96. An ƙera na gasken a 1869 a Dumbarton ta Sikotilan domin ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin, a shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya ba jiragen tururi gajeriyar hanya ya karɓe cinikin daga hannun masu filafilai. Daga baya ya yi jigilar ulu daga Ostireliya, yau kuma yana ajiye a Greenwich, a birnin Landan. Gangar jikinsa ba ta da wuya. Wahalar tana ga igiyoyi. Baƙaƙe su ne masu riƙe dogayen sandunan filafilai a tsaye, masu ruwan ƙasa kuma su ne waɗanda ma'aikatan jirgi ke ja suna sassautawa. Kowane zare sai an bi da shi ta cikin kakin zuma domin gashinsa ya kwanta. In ka ɗaure na dama, sai ka ɗaure takwaransa na hagu da ƙarfi iri ɗaya kafin ka ci gaba, in ba haka ba sandar za ta karkata a hankali, ba za ka lura ba sai bayan zare hamsin, lokacin da gyara ya zama warwarewa. Baƙo yakan yaba wa filafilai, amma abin da ya tsai da su ƙulli ne ɗari-ɗari waɗanda ba ya gani.

Mutane sun daɗe suna wannan aiki, wasunsu kuma cikin ƙunci. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, fursunonin Faransa da ke tsare a Ingila sun riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, su sassaƙa jiragen ruwa da su, su yi igiyoyin da gashi ko zare, har yau ana ajiye da waɗansu a gidajen tarihi. Mutanen da aka raba da teku da gida, abin da ya rage musu shi ne su tuna jirginsu daidai, igiya bayan igiya, suka kuwa tuna. A ƙasar Denmak kuma, in ka shiga majami'u da yawa za ka ga ƙaramin jirgin ruwa a rataye daga rufi, yawanci goshinsa na fuskantar bagade. Da yawansu masu aikin teku ne suka kawo domin godiya. Yana can sama inda ido ba ya kaiwa ga ƙananan ƙulle-ƙullensa, duk da haka maƙeransa sun ƙulla su, gama sun san Wanda suke miƙa wa.

Ba na ce wa mai karatu ya je neman kwalin jirgi ba, ko da yake in ya samu zai ji daɗinsa. Kowannenmu yana da ɗan abin da aka sa a hannunsa: aji ɗaya, gona ɗaya, shago ɗaya, 'ya'ya uku ko huɗu. Ƙarami ne in an gwada shi da girman duniya, wataƙila ɗaya bisa dubu dubbai. Ba a tambaye mu girmansa ba. Abin da za a duba shi ne ko kowane sashe ya tsaya a kan ma'auni, na fili da na ɓoye. Ubangiji ya ba mu hannu mai haƙuri da zuciya mai gaskiya, mu gama cikin da kyau kafin a rufe. Amin.