Masaukinmu a Marseille

A watan Oktoba na 2021 muka sauka Marseille, birnin Faransa da ke bakin Bahar Rum, domin duba wani ɗan'uwanmu da ke kwance asibiti. Mun kama ɗakin haya na mako guda a unguwar Noailles, inda ƙamshin kayan yaji ke tuna wa baƙo kasuwannin gida. Da muka iso, sai mai gidan, wata dattijuwa, ta ce ba za ta ba da mabuɗi ba sai ta ga shaidar rigakafin korona.

A dokar Faransa ta lokacin, wurare irin su gidajen abinci da jiragen ƙasa masu dogon zango ne aka ɗora wa neman takardar. Mai ba da hayar ɗaki ba ya ciki, kuma wanda ya nema ba bisa ƙa'ida ba yana iya shan ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 45,000. Mun san haka, amma mijinta na fama da ciwon huhu, ga shi matakala ɗaya za mu riƙa bi. Muka nuna mata, ta yi godiya.

Washegari muka hango tsibiran Frioul, inda a da ake killace jiragen ruwa. A 1720 jirgi ɗaya ya shigo da annobar da ta kashe kusan rabin mutanen birnin. Ashe tsoron dattijuwar tsoho ne a garin. An dakatar da neman takardar a yawancin wurare a Maris 2022, haƙƙin maƙwabci kuwa yana nan. Allah Ya kare mu.